An Ɗauke Wuta Ba Shi Ne An Kashe Wuta Ba: Darasi Kan Haɗa Fitilar Ɗaki

Gabatarwa

Kafin in sami gurbin karatu a jami'a, na yi shekara uku ina ɗaukar wa bappana jakar kayan aiki a Jimeta. Shi mai wayarin ne, wato mai haɗa wutar lantarki a gidaje da shaguna, kuma da wuya a sami unguwar da ban bi shi ba, tun daga Luggere da Dubeli da Jambutu har cikin garin Yola, su Wuro Hausa da Shagari. Ban zama gwani ba, domin boko ya janye ni tun ban kai ga haɗa gida guda ni kaɗai ba. Amma ɗan abin da na tsinta ya isa in gane cewa irin wasan da mu ɗalibai muke yi da wayar lantarki a ɗakunanmu na haya, Allah ne kawai yake tsare mu. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakunan 'yan makaranta a Sangere ko Vinikilang ya ga abin da nake nufi: waya ta ratso ta taga, an ɗaure mahaɗinta da leda, ƙwai yana lilo a bisa katifa.

A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda ake sauya gidan ƙwai, wanda aka fi sani da holda, da makunninsa, ba tare da mutum ya jefa ransa cikin haɗari ba. Zan kuma faɗi inda ya kamata ɗan koyo ya tsaya ya kira mai sana'a.

Ranar da wuta ta ja ni

Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yola kan haura digiri 40, aka kira mu wani shagon ɗinki domin holdarsa ta ƙone. Tun safe babu wuta a layin. Bappa ya duba, ya ce in jira shi zai je Kasuwar Zamani ta Jimeta ya sayo sabuwa. Yana juya baya mai shagon ya ce da ni, "Samari, ai babu wuta, ka hau ka kwance tsohuwar kafin ya dawo mana." Na duba makunnin da ke bango na ga a kashe yake. Sai na jawo wani bencin ƙarfe na hau, ba takalmi, gumi ya jiƙe mini riga. Ina cikin kwance sukuru na biyu na ji an tayar da janareta a shagon askin da ke maƙwabtaka, ban kuma kawo komai a raina ba. Abin da na iya tunawa bayan wannan shi ne kamar an doke ni da taɓarya a gwiwar hannu, sai ga ni a ƙasa tsakanin kekunan ɗinki. Faɗuwar ce ta raba ni da wayar.

Da Bappa ya dawo bai yi mini faɗa ba, tambaya ya yi. Ya ce, "Ɗana, wa ya kashe maka wutar?" Na ce, "Bappa, ai an ɗauke tun safe." Ya ce, "To wanda ya ɗauke, ya yi maka alkawarin sai ka sauko zai kawo?"

Mu da muke nazarin harshe ya kamata mu lura da wannan. Bahaushe bai ce wuta ta mutu ba, cewa ya yi an ɗauke, an kawo. Abin da wani ya ɗauke yana hannunsa, zai kuma dawo da shi lokacin da ya ga dama, ba sallama. Har yau bakinmu bai daina cewa NEPA ba, duk da cewa hukumar da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, sannan aka rarraba ta ga kamfanoni a 2013, wanda namu shi ne YEDC mai raba wuta a jihohin Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Ko da wane suna muka kira su, ma'aikacin da ke tashar rabon wuta ba ya ganin wanda ke bisa benci a Luggere, ba kuma aikinsa ba ne ya gan shi.

Bugu da ƙari, yanzu ba ƙofa ɗaya wuta ke shigowa gida ba. Akwai janareta, akwai batir da inbata, akwai faranti mai zuƙar hasken rana. A watan Afrilu na 2024, da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin da ke tsakanin Jos da Gombe, an yi makonni ana fama da duhu a Yola, kowa ya koma ga abin da yake da shi. Mai askin da na ambata ba shi da makunnin sauya layi, wanda masu sana'a ke kira canjoba. Waya ce mai kai biyu yake cusa ɗaya a janareta ɗaya a soket, sai wutar ta bi layin da shagunan suka yi tarayya a kansa. Irin wannan haɗi yana iya tura wuta har kan turken titi, ya kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a mace yake.

Akwai kuma abu na biyu da muka gano a ranar. Makunnin bangon da na dogara da shi, wanda ya haɗa shi tun farko ya sa shi ne a kan wayar da ba ita ce ta dace ba. Zan dawo kan wannan a gaba.

Wutar da ke kunna ƙwai ta isa ta kashe mutum

Sau da yawa nakan ji ana cewa, "Ai wutar ƙwai ce kawai." Wutar da ke shiga gidajenmu a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne, ɗaya ne a soket da holda. Abin da ke illa kuwa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, wanda ake aunawa da amfiya. In aka raba amfiya ɗaya gida dubu, kowane kashi shi ne miliamfiya. Mutum kan fara jin tsirawa a kimanin miliamfiya 1. Da ta kai wajen 10 zuwa 15 sai tsokar hannu ta ƙanƙame, ya kasa sakin wayar, abin da muke cewa wuta ta riƙe shi. Daga 50 zuwa sama, in ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya.

To, mu yi ɗan lissafi. Ana raba wat da bolt a sami amfiya. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana jan miliamfiya kimanin 260. Ko ɗan ƙwan LED mai wat 9 yana jan kusan 40. Busasshiyar fata takan ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙiya ba ta da wannan kariya, don haka mai gumi da ya tsaya a kan siminti ba takalmi, wutar da za ta ratsa shi tana iya haura miliamfiya 200. Mu kuwa a Yola yaushe ne ba ma gumi? Da bazara zafi, da damina laima. Gidajen da ke kusa da kogin Binuwai, waɗanda ambaliyar 2012 da ta 2022 suka shiga irinsu, bangonsu kan daɗe yana riƙe da danshi, kuma jiƙaƙƙen bango shi kansa hanya ce ta wuta.

Kayan aiki da wayoyi

Kayan ba su da yawa: testa, sukudireba mai mariƙin roba, filaya, baƙin tef na lantarki, tocila, da busasshen tsani ko kujerar katako. A sa takalmin roba, a cire zobe da agogon ƙarfe, a kuma sami wani ya tsaya kusa.

Testa tana buƙatar bayani, domin mutane sun ba ta amanar da ta fi ƙarfinta. Ɗan haskenta ba ya fitowa sosai da rana, kuma takan lalace ba tare da alama ba. Ƙa'ida ita ce a gwada ta a soket ɗin da aka tabbatar yana da wuta, in ta kama sai a gwada wayar da za a taɓa, sannan a sake komawa soket ɗin a tabbatar ba a tsakani ta mutu ba. Mai karatu zai lura cewa in an ɗauke wuta wannan gwaji ba zai yiwu ba sam, domin ko'ina aka dangwala testa shiru za ta yi. Shi ya sa lokacin da muke ɗauka ya fi aminci, a ganina shi ne ya fi haɗari.

Wayoyi uku ne ke zuwa wurin fitila. Akwai mai rai, wadda ke kawo wuta. Akwai ta komawa, wadda masu sana'a ke ce wa nutural. Sai wayar ƙasa, wadda ba ta aikin komai sai ranar da abu ya lalace, ta kwashe wutar da ta zube a jikin ƙarfe ta kai ta ƙasa. Tsarinmu daga Ingila muka gaje shi, inda a da ja ce mai rai, baƙa ta komawa, kore ko kore da rawaya ta ƙasa. Daga 2004 zuwa 2006 Ingila ta koma launin sauran ƙasashen Turai: ruwan ƙasa mai rai, shuɗiya ta komawa. A kasuwanninmu ana samun duka biyun, har a gida ɗaya ma sai a tarar an gauraya. Wurin da abin yake da ban tsoro shi ne, a gidan da ke da layi uku, shuɗiya a tsohon tsari mai rai ce, baƙa kuma a sabon tsari ita ma mai rai ce. Ga shi kuma wani mai wayarin in jar waya ta ƙare masa, da wadda ta rage a jaka yake ƙarasawa. Saboda haka launi shaida ce kawai, testa ce alƙali.

Kaurin waya kuma a rubuce yake a jikinta. Mai 1.5 ita ce ta fitilu, mai 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki kuwa sai mai 4 ko 6. Siririyar wayar sifika da ɗalibai ke jan wuta da ita ba a yi ta domin wannan aiki ba ko kusa. Ana yin waya mai kyau a ƙasar nan, kamar ta kamfanin Cutix da ke Nnewi da NOCACO da ke Kaduna, sai dai jabu ma ta cika kasuwa, wani lokaci da sunan ta kirki a jikinta. Bappa yakan kankare bakin wayar da wuƙa a gaban mai shago. In ciki da waje duk ja ne, jan ƙarfe ne na gaske. In fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa launi, kuma irinta takan yi zafi ta karye a bakin sukuru. Araha dai ba ta ado.

Aikin kansa

Mataki na farko ana yin sa ne tun da wuta. A kunna fitilar, ko wata da ke layi ɗaya da ita in ita ta mutu, sannan a je akwatin rabon wuta a sauke bireka, wato ɗan makunnin da ke faɗuwa da kansa in wuta ta yi yawa, a ga fitilar ta mutu da ido. A tsofaffin gidaje masu fiyus na tangaran, a kashe babban makunni tukuna, a zare fiyus ɗin a sa a aljihu. In ba a san wane bireka ne na ɗakin ba, ko kuma babu wuta a gari kuma aikin ba zai jira ba, a kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya, a kashe inbata, a mayar da canjoba tsakiya. A gidan haya mai ɗakuna goma wannan bai isa ba sai an sanar da maƙwabta, a manna tef a kan makunnin, ko a ajiye yaro ya tsare. Na taɓa ganin matar gida ta dawo daga unguwa ta tarar firjinta a kashe, ta nufi akwatin kai tsaye, mai aiki yana sama.

Bayan haka a cire ƙwan, a kwance murfin holda, a gwada kowace waya da testa kafin yatsa ya kusance ta. Kafin a kwance komai a ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayar salula. Wannan yana da amfani musamman in a silin ne aka yi mahaɗa, inda za a ga wayoyi shida ko fiye sun taru, wasu na wucewa ɗaki na gaba. Wanda ya kwance su duka ba tare da alama ba, ya sayi aikin yini guda.

In bakin wayar ya yi baƙi ko robar ta bushe tana marmashewa, a yanke har inda take da lafiya. A feƙe roba kimanin santimita ɗaya, a hankali, kada wuƙa ta ci silin jan ƙarfen. A murɗe silin su zama ɗaya, a zura cikin ramin, a ɗaure sukuru tamau, sannan a ɗan ja wayar a ji ko za ta zame. Kada a bar jan ƙarfe yana leƙowa, ko da sili ɗaya ne. Na daɗe a kan wannan domin sako-sakon haɗi shi ne mafarin gobara da yawa. Wurin da waya ba ta kama da kyau ba yakan yi zafi, ya riƙa tartsatsi, ya gasa robar sannu a hankali, bireka kuma ba zai faɗi ba tun da wutar da ke wucewa ba ta wuce ƙima ba. Da hunturu, silin ya bushe ƙayau, ga ƙura ga yanar gizo, tartsatsi ɗaya ya wadatar. Ƙwai mai ƙyaftawa, ko ƙaurin roba, ko makunni mai ɗumi ko mai ƙarar "zizz", duk gargaɗi ne.

Holda iri biyu ce. Akwai mai kunne biyu da ake dannawa a juya, wadda lambarta B22 ce, da mai zare da ake murɗawa, E27. Harafin E ɗin daga sunan Thomas Edison na Amurka ne, 27 kuma faɗin gindin ƙwan ne da milimita. A mai kunne biyu ta roba, kowace waya ta shiga kowane rami babu laifi. A mai zare kuwa wajibi ne mai rai ta tafi ɗan ƙarfen da ke can tsakiyar gindi, ta komawa ta tafi zaren gefe. In aka juya su, zaren da yatsa kan goga lokacin sauya ƙwai shi ne zai ɗauki wuta. In holda mai lilo ce, akwai 'yan ƙugiyoyi a ciki da ake ratsa wayar ta bayansu domin nauyin ya rataya a kansu, ba a kan sukuru ba. In kuma jikin fitilar ƙarfe ne, kamar ta ƙofar gida ko ta banɗaki, dole a ɗaura wayar ƙasa a jikinsa. In gidan ba shi da wayar ƙasa, kamar yadda gidajen haya da yawa suke, a haƙura da ta ƙarfe a sayi ta roba. Ta waje kuma a nemi mai rufi wadda ruwan sama ba ya shiga, za a ga an rubuta IP44 ko IP65 a kwalinta.

Yanzu sai batun makunni da na yi alkawari. Makunni ƙofa ce, kuma a kan waya mai rai ake sa ta, domin in an rufe wutar ta tsaya a bango. In aka sa shi a kan ta komawa, fitila za ta kunnu ta kuma mutu lafiya lau, babu wanda zai san da matsala, amma wutar tana nan ta hau har cikin holda tana jiran hanyar sauka. A shagon ɗinkin nan ni na zama hanyar. Ana iya gane wannan kuskure: da wuta a gari, a kashe makunni, a cire ƙwai, a dangwala testa a ƙarafan cikin holda ɗaya bayan ɗaya, da kula kada bakinta ya haɗa biyu. In ta kama, haɗin a juye yake. Wata alamar ita ce ƙwan LED da ke ci gaba da ɗan haske dishi-dishi bayan an kashe shi, ko da yake wannan yana da wasu dalilan. Gyaran juyayyen haɗi a silin ake yin sa, aikin mai sana'a ne.

In an gama a mayar da murfi, a sa ƙwai, a sauko, sannan a ɗaga bireka. In ya sake faɗuwa kada a yi ta tura shi da ƙarfi, akwai inda waya ta taɓa 'yar'uwarta. Haka nan fiyus in ya ƙone, ba a maye gurbinsa da ƙusa ko takardar sigari ko waya mai kauri. An yi shi siriri ne da gangan domin ya ƙone a madadin gida.

Wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ɗakunanmu ita ce holda mai soket a gefe. Yawancin holda an yi ta ne domin amfiya biyu zuwa huɗu, layin fitilu gaba ɗaya kuma birekansa 6 ne ko 10. Dutsen guga ko hitar dafa ruwa mai wat 1,000 yana jan fiye da amfiya huɗu shi kaɗai. Cajin waya dai da sauƙi, amma shayi da guga a kai su soket.

Inda ɗan koyo zai tsaya

Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sauya ƙwai da holda da fuskar makunni, ɗalibi mai natsuwa zai iya. Jan sabon layi, da buɗe cikin akwatin rabon wuta, da haɗa canjoba ko inbata, da dasa sandar wayar ƙasa, waɗannan na wanda ya koya ne, kuma hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Mita da katawut da turken titi kuwa na kamfani ne, taɓa su laifi ne a doka, kuma babban makunnin gidanka ba ya kashe wutar da ke cikinsu. Wanda iyayensa ke gini, ya ba su shawara a sa bireka mai gano zubar wuta, wanda ake rubuta 30mA a jikinsa. Shi yakan yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta fara bin jikin mutum, abin da bireka na kullum ba ya yi. Yana da ɗan maɓalli na gwaji da ya kamata a riƙa dannawa lokaci-lokaci.

In kuwa tsautsayi ya auku, wuta ta riƙe wani a gabanka, kada ka kai masa hannu, za ku zama biyu. Ka kashe makunni, in ya yi nisa ka ture shi da busasshen katako ko kujerar roba. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wani kuma ya nemo mota. Madarar gwangwani da mutanenmu kan yi saurin ɗura wa wanda wuta ta ja ba ta maganin komai, wanda ya suma ma tana iya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola a duba zuciyarsa, domin ƙunar wuta ta fi yawa a ciki fiye da abin da ake gani a fata. Gobarar lantarki kuma ba a watsa mata ruwa sai an yanke wutar. Kafin nan yashi ake zubawa, shi kuwa ba ya wuya a garin da ke bakin Binuwai.